Libarbar da aka juya daga ɗurin albarushi zuwa harsashi: yadda masu harbin tarihi ke zaɓen kwafinta

A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai masu gasar harbi da ba ruwansu da bindigar zamani. Sukan sa tufafin mutanen 1870, su ɗaura ɗamarar fata, su harbi farantan ƙarfe da irin bindigogin wancan lokaci, ana ƙirga musu sakan. Yawancinsu bindigar kaboyi da aka saba gani a fim suke riƙewa, wato Colt Single Action Army ta 1873. Amma akwai wani rukuni da zuciyarsu ta fi karkata ga libarbar da ta gabace ta, wadda aka ƙera don ɗurin albarushi ta baki, daga baya aka gyara ta ta koma cin harsashi mai kwanso. Na asali sun yi tsada, sun kuma tsufa da a riƙa harba su kowane mako, saboda haka kwafi ake saye. Wanda ya buɗe kundin 'yan kasuwa zai tarar da sunaye birjik, Richards, Richards-Mason, Open Top, Remington 1858, kowace da girman harsashi uku ko huɗu. Abin da nake son mai karatu ya riƙe tun farko shi ne babu kwafi ko ɗaya a kasuwa da ya yi daidai da asali ta kowace fuska. Kowanne ya kauce a wani wuri, kuma zaɓe mai kyau yana farawa ne daga sanin inda aka kauce da dalilin kaucewar.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan salla ya san yadda ake ɗura bindigar toka, kuma libarbar yaƙin basasar Amurka, na 1861 zuwa 1865, haka ake ɗura ta, sai dai sau 6 maimakon sau ɗaya. Silindarta, wato gangar da ke juyawa a tsakiya, tana da ɗakuna 6. Za a zuba baƙin albarushi ta gaban kowane ɗaki, a ɗora dunƙulen dalma, a juya ɗakin ya zo ƙarƙashin bututu, a ja wani hannun ƙarfe ya danna dalmar ciki har ta aske wani siririn zobe a baki. Sannan a koma baya a kafa wa kowane ɗaki 'yar hular tagulla mai sinadarin tayar da wuta. Sojoji sun samu sauƙi da albarushin da aka naɗe a takarda tare da dalmarsa, amma hular nan dole a sa ta da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ko ana sanyi ko doki na tsalle. Ruwan sama na lalata ɗurin. Fasasshiyar hula na faɗawa cikin inji ta cije shi. Wani lokaci ma wuta na tsallakawa ɗakin da ke kusa, biyu ko uku su tashi tare.

Maganin duk wannan ya wanzu tun kafin yaƙin, doka ce ta tsare hanya. Ranar 3 ga Afrilu 1855 wani maƙeri mai suna Rollin White, wanda ya taɓa yi wa kamfanin Colt aiki, ya karɓi takardar mallakar fasaha da ta haɗa da silinda mai rami a huje daga gaba har baya, ta yadda za a iya zura harsashi ta baya. Samuel Colt bai ga amfanin abin ba. Smith da Wesson suka gani, suka ƙulla yarjejeniya da White a 1856 cewa su kaɗai za su yi amfani da fasahar, suna biyansa santi 25 a kan kowace bindiga, shi kuma ya ɗauki nauyin kai masu satar fasaha kotu. Sakamakon haka aka yi yaƙin basasa daga farko har ƙarshe manyan kamfanoni biyu, Colt da Remington, ba su da ikon huje silinda. Sai a Afrilun 1869 wa'adin takardar ya cika. White ya nemi ƙarin lokaci bai samu ba, majalisa ta yi masa doka ta musamman, Shugaba Ulysses Grant ya ƙi sa hannu a Janairun 1870.

A lokacin ƙasar cike take da libarbar ɗuri. Colt kaɗai ya ƙera kusan 200,000 na samfurin 1860 Army, kuma ɗakunan ajiyarsa maƙare suke da bututai da firam, wato gangar jikin bindiga, da ba a haɗa ba. Ba wanda zai zubar da wannan dukiya. Abin da aka yi ya yi kama da yadda ake mayar da motar fetur ta koma shan gas: jikin na nan yadda yake, hanyar cin abincin ce aka sauya.

Remington ne ya fara, ta hanyar biya. A 1868 ya yarda ya ba Smith & Wesson dala ɗaya a kan kowace bindiga, ya juya kimanin 4,500 na New Model Army, wadda ake kira Remington 1858, zuwa harsashin .46 (lambar girmansa ce a ma'aunin inci) mai tashi daga gefen kwanso, da ɗakuna 5. Colt ya gwada zagaye dokar da fasahar F. Alexander Thuer, wani harsashi mai tsukakken gindi da ake cusawa ta gaba kamar yadda aka saba. Abin bai karɓu ba, kusan 5,000 kawai aka yi. Wanda ya yi nasara shi ne Charles B. Richards, da takardarsa ta 1871. An yanke bayan silinda inda huloli ke zama, aka cike gurbin da wani zoben ƙarfe da ke manne da firam. A jikin zoben akwai 'yar ƙofa ta dama don zura harsashi, da allurar harbi mai sifirin, da tsagar saiti a sama. An cire hannun danna dalma, aka sa tsinken fitar da kwanso a raminsa. Kimanin 9,000 aka yi a harsashin .44 Colt, kuma sojan Amurka sun sa an juya musu kusan 1,200. Daga baya aka sauƙaƙa aikin, aka mayar da allurar kan guduma, wato ƙarfen da ake ɗanawa ya bugi harsashi, wannan shi masu tara bindigogi ke kira Richards nau'i na biyu. Da tsofaffin bututai suka ƙare sai aka ƙera sababbi marasa ramin hannun ɗuri, aka ɗaura musu tsinken William Mason na 1872 a gefe, aka samu Richards-Mason. Na samfurin Army kusan 2,100 ne, amma an juya na 1851 Navy da 1861 Navy da ƙananan na aljihu da wannan tsari zuwa harsashin .38.

Open Top ta 1871 zuwa 1872 kullum ana lissafa ta cikin dangin, alhali ba juya ta aka yi ba. Sabuwa aka ƙera ta don harsashin .44 Henry, irin na bindigar Winchester ta 1866, guda 7,000 ko kusa da haka. Soja suka ƙi ta saboda ba ta da ƙarfe a saman silinda, Colt ya koma ya fito da ta 1873. Duk da haka an ci gaba da sayar da waɗanda aka juya har wajen 1878, domin sun fi sabuwar araha, kuma makiyayi ko manomin da ke da tsohuwar bindigar yaƙi yana iya aika ta kamfani ko ya kai wa maƙerin garinsu. Wannan ne ya sa nake ganin masu zaɓen irin wannan libarba suna da hujja mai ƙarfi. Mai kwaikwayon talakan yammacin Amurka na farkon shekarun 1870 ya fi kusa da gaskiya da ita a ƙugunsa.

Kwafin da ake sayarwa yau kusan duk daga lardin Brescia na arewacin Italiya suke fitowa. Aldo Uberti ya kafa kamfaninsa a Gardone Val Trompia a 1959, ya fara da kwafin 1851 Navy da Val Forgett na kamfanin Navy Arms ya yi oda, ana shirin cika shekara 100 da yaƙin basasa. Kamfanin Pietta na Gussago ya biyo baya a 1963. Sunayen da ake gani a kasuwar Amurka, irin su Cimarron na Texas da Taylor's na Virginia, masu shigo da kaya ne. Sau da yawa bindiga ɗaya ce daga masana'anta ɗaya, bambancin yana ga tambari da gogewa da kuma yadda dillalin ke kula da mai saye bayan ciniki.

Hanya biyu ce gaban mai saye. Ko ya sayi wadda aka ƙera tun daga masana'anta a siffar juyayyiya, ko ya sayi kwafin libarbar ɗuri ya sayo mata silindar harsashi daban, irin ta kamfanin Howell ko ta Kirst, yana musanyawa duk lokacin da ya so. Hanya ta biyu tana da daɗin ji, bindiga ɗaya aiki biyu. Silindar Howell gida biyu ce, da murfin baya mai allura a kan kowane ɗaki, kuma sai an cire ta daga bindiga kafin a ɗura ko a zubar da kwanso. A Remington wannan ba wahala, a sauke hannun ɗuri, a ja sandar tsakiya, silinda ta faɗo a tafin hannu. A Colt sai an buge weji, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe bututu a jikin bindiga, an zare bututu gaba ɗaya. Ta Kirst tana da zobe mai allura ɗaya, akwai kuma mai ƙofa, amma ƙofar ba ta aiki sai maƙeri ya sassaƙe hanya a jikin firam. Masu ƙera waɗannan silindoji suna gargaɗi a kan abu biyu, kuma ba gargaɗin wasa ba ne: kada a sa su a firam ɗin tagulla, domin tagulla na miƙewa da bugu, kuma kada a harba komai sai harsashin dalma mai sauƙin ƙarfi. A jikin bututun an buga cewa na baƙin albarushi ne kaɗai, gwajin da aka yi masa a Italiya ke nan. Wadda aka ƙera juyayyiya daga masana'anta kuwa an gwada ta da albarushin zamani mara hayaƙi a cibiyar gwajin bindigogi ta ƙasa da ke Gardone. Ita ma ba a ba ta harsashi mai ƙarin ƙarfi, amma na yau da kullum tana ɗauka.

Inda mutane suka fi asarar kuɗi shi ne batun faɗin bututu da faɗin dalma, kuma lambobin da ke jikin bindigogin su ke ruɗarwa. Libarbar ɗuri da ake kira .36 Navy faɗin cikin bututunta ya kai kusan .375 na inci. Wadda ake kira .44 Army nata kusan .451 ne zuwa .454. Da Colt ya juya su bai taɓa bututun ba, sai ya ƙera harsashin da zai cika shi. Dalmar tana da faɗi daidai da wajen kwanso, sai ɗan tsukakken gindi da ke shiga cikin kwanson ya riƙe, man shafawa kuma yana waje. Ƙaramin harsashin .22 da ake harbin tsuntsu da shi har yau haka yake. Aibinsa shi ne man yana kwasar ƙasa da yashi a aljihu, shi ya sa daga baya aka koma dalmar da ke shigewa cikin kwanso da manta, wadda dole ta fi siriri. Harsashin .38 na yau faɗinsa .357 ne ko .358. Na .44 na yau .429 ne.

To, mutum ya sayi kwafin 1851 Navy ta ɗuri, ya sa mata silindar .38, ya sayo harsashi a shago. Dalmar .357 za ta bi ta bututun .375, tazarar kusan rabin milimita. Ba za ta kama murɗaɗɗun tsagogin cikin bututu da kyau ba, ba za ta yi juyin da zai daidaita ta ba, wani lokaci a ga ramin da ta huda a takarda a kwance, alamar ta isa tana tuntsure. Mafita ita ce dalma mai rami a gindi, wadda ƙarfin wuta ke buɗe ta ta cika bututu, ko mai tsukakken gindi irin ta da, wadda sai mai haɗa harsashinsa da kansa, ko kuma a sa wa bututun sabon ciki. A ɓangaren .44 ta ɗuri an yi dace, domin harsashin .45 Colt faɗin dalmarsa .452 ne, ya dace da bututun. Shi ya sa silindar da ake sayar wa 1860 Army da Remington ta .45 Colt ce, kuma ta Colt galibi ɗaki 5 ne, domin silindar ta yi ƙanƙanta ga guda 6.

Masana'antun Italiya sun kauce wa matsalar ta hanyar tsuke bututu. Richards-Mason ɗinsu ta .38 bututunta .357 ne, ta .44 kuma .429. Har harsashin da ake sayarwa yau da sunan .44 Colt ba irin na 1871 ba ne, dalmar zamani ce a kwanso mai ƙaramin baki. Wanda bai san wannan ba, ya samu bindigar asali ya sa mata shi, zai sha mamakin inda harbinsa ke zuwa. Sannan don .45 Colt ta samu wurin zama guda 6, an ɗan ƙara wa silinda da firam kauri a kan na asali. Ido ba ya saurin gani, amma kuben fata da aka ɗinka wa 1860 ta ɗuri yakan matse ta.

Ta fuskar tarihi, Colt bai taɓa juya 1860 Army zuwa .45 Colt ba. Harsashin .38 Special sai ƙarshen shekarun 1890 ya fito, .44 Special kuma 1907. Amma akwai sauƙi a nan: ɗakin .38 Special yana karɓar .38 Long Colt da .38 Short Colt, na .44 Special yana karɓar .44 Russian da .44 Colt na yau, na .45 Colt yana karɓar .45 Schofield. Mutum na iya sayen mai ɗakin zamani don kada harsashi ya yanke masa, ya riƙa harba mai tsohon suna ranar gasa. Ni a ganina .45 Colt a kan firam ɗin Colt mara ƙarfen sama shi ne zaɓe mafi rauni a cikinsu. Bai da tushe a tarihi, bangon ɗakunan ya fi siriri, kuma bugun ya fi wahalar da weji. Wanda ke son .45 ya nemi Remington, mai firam a rufe.

Dokar ƙungiyar da mutum zai shiga ita ma tana yanke wani abu. Single Action Shooting Society, wadda aka kafa a 1987 kuma ta fi kowace girma, tana son libarba biyu da doguwar bindiga da ta harbin tsuntsu, dalma zalla, gudun harsashin libarba kada ya wuce ƙafa 1,000 cikin sakan ɗaya. Ana ɗura 5 ne, guduma ta kwanta a kan ɗaki mara komai, don haka mai ɗaki 5 sai ya tabbata silindarsa na da wurin kwantar da guduma lafiya. Tana da rukunin baƙin albarushi, tana kuma da rukunin Classic Cowboy da ba a shiga da abin da ya gaza .40, wanda ke nufin mai .38 ya fita. National Congress of Old West Shootists, ta 1994, ta fi tsanani a kan sahihanci. Ta tsaya a shekarun 1865 zuwa 1899, tana da jerin bindigogin da ta amince da su, kuma ya kamata a duba jerin kafin a biya kuɗi. Wasu samfura a kasuwa daga finafinan kaboyi na Italiya aka kwaikwayo su, ga ƙofar harsashi ga kuma hannun ɗuri a ƙasan bututu. Suna da kyau a ido, amma ba haka masana'antar Colt ta fitar da nata ba.

Sauran abin sai hannu ya taɓa. Mariƙin Navy gajere ne, shi Colt ya ɗauka ya sa wa bindigar 1873, mai babban hannu ƙaramin yatsansa a ƙasa yake rataye. Na Army ya fi tsawo. Remington kuwa tazarar da ke bayan zoben kunama kaɗan ce, tana bugun gaɓar yatsan tsakiya idan harsashi na da ƙarfi. Saiti ma ya bambanta ƙwarai. A Richards-Mason da nau'i na biyu, saitin baya wata 'yar tsaga ce a hancin guduma, ba a ganinta sai an ɗana. A Open Top yana kan gindin bututu, a Remington tsagi ne a saman firam, wanda ya fi sauƙin kamawa ga idon da ya fara gajiya. Irin na Colt sun shahara da harbi sama da inda aka nufa, domin an tsara na asali ne don nisa, faranti kuma a gasa bai fi taku goma ba. Maganin shi ne ƙara tsawon saitin gaba, aikin ɗan lokaci ne wurin maƙeri.

Ga mai baƙin albarushi lissafin yana juyewa. Toka na taruwa a kan sandar da silinda ke juyawa a kai. Ta Remington siririya ce, bayan silinda kaɗan sai a ji guduma ta yi nauyi, dole a cire a goge. Ta Colt kakkaura ce, da tsagogin riƙe mai, tana daɗewa tana juyawa. Sai dai a kwafi da dama wannan sanda takan gaza kaiwa ƙarshen raminta a cikin gindin bututu, kuma maƙeran gasa sun daɗe da sanin haka. Alamarta ita ce idan aka ƙara buga weji ciki, tazarar da ke tsakanin silinda da bututu sai ta tsuke har silinda ta cije, idan aka sassauta kuma ta buɗe. A shago ana iya gwadawa: a tabbata babu harsashi, a ɗaga bindigar ga haske a dubi tazarar, a danna weji da babban yatsa a sake dubawa, a ɗana a hankali a kan kowane ɗaki a ji ko yana kullewa kafin guduma ta kai ƙarshe. Gyaran ba tsada, amma ya kamata a sa shi cikin lissafi, kuma sau biyu, tunda biyu za a saya. Yayin dubawar mutum zai ga zanen jiragen ruwa a kewayen silindar. Yaƙin Campeche ne na 1843, tsakanin jiragen Texas da na Meziko, wanda Waterman Ormsby ya zana wa Colt, kuma yana kan Navy da Army duka.

Da za a tambaye ni, mai farawa ya ɗauki 1851 Richards-Mason guda biyu masu ɗakin .38 daga masana'anta. Harsashinta ya fi araha, bugunta kaɗan ne, bangon silindarta na da kauri, kuma .38 shi ne girman da aka juya na asali zuwa gare shi. Wanda tarihi ya fi damunsa da hayaƙi ya nemi Richards nau'i na biyu a .44. Silindar musanya na bar wa wanda dama yana da Remington ta ɗuri mai firam ɗin ƙarfe, yana kuma son ci gaba da ɗurin.

Doka ba ta kallon waɗannan a matsayin kayan ado. A dokar tarayyar Amurka ta 1968 kwafin libarbar ɗuri yana cikin kayan da, amma wadda aka ƙera don harsashi cikakkiyar bindiga ce, sai ta hannun dillali mai lasisi da binciken mai saye, kuma ta ɗurin ma da zarar an sa mata silindar harsashi ta koma bindiga a idon doka. A Najeriya Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, har da masu ƙyastu da masu hula, kuma ba a mallakarsu sai da lasisin shugaban ƙasa.